Farin Hayaƙi da Wayar da Likita Ya Zare

Akwai wani bakanike a bayan kasuwar 'yan katako wanda kowa ke kira Likita. Bai taɓa aikin asibiti ba, injunan dizal ne majinyatansa. Kuma in za a faɗi gaskiya, mutumin ya iya aikinsa. Mota za ta shigo garejinsa tana tari, kafin direba ya kashe ta ya riga ya faɗi ciwonta.

Matsalarsa guda ce, ya san ya iya. Babu abin da yake tattali a duniya kamar wannan suna nasa. Ka kushe rigarsa, ka kushe garejinsa, dariya zai yi. Amma ka ce aikin Likita ya ba da matsala, to ka nemi wani garejin, kuma ko a hanya kuka haɗu ba zai amsa gaisuwarka ba.

Babban mai kawo masa aiki wani attajiri ne, Mai Katako. Yana da wata farar a-kori-kura da ke ɗauko masa kaya daga inda ake yankan itace. Hanyar akwai hawa mai tsawo, motar kuwa in ta sha lodi sai ta dinga jan ciki.

Direban motar wani dattijo ne mai furfura, yayan matar Likita, uwa ɗaya uba ɗaya. 'Ya'yan Likita ne suka fara ce masa Kawu, har sunan ya bi shi ko'ina. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in ka taka shi, shi zai fara ba ka haƙuri. Ya daɗe yana tuƙa wa Mai Katako, da wannan tuƙin yake riƙe gidansa.

Likita ne da kansa ya kawo shawarar a ƙara wa motar ƙarfi. Ya cire ƙaramin turbonta, wato na'urar da ke cusa wa inji iska, ya ɗaura babba, ya buɗe famfon mai ya ƙara mata sha. Motar ta tashi da ƙarfinta kuwa, hawan da take yi da rarrafe ta koma yin sa a guje da lodi a bayanta. Mai Katako ya dinga yawo da labarin a kasuwa. Masu a-kori-kura suka fara layi a garejin Likita, kowa yana so a yi wa tasa irin wannan aiki.

Kawu ne kaɗai bai yi murna ba. Ya samu Likita a gefe, cikin ladabi, ya ce tun da aka yi aikin nan allurar zafi tana wuce inda ta saba in sun kama hawa, kuma lagireto ya fara shan ruwa. Likita ko ɗago kai bai yi ba.

"Kawu, tuƙi aka ɗauke ka yi, ba tunani ba," in ji shi.

Masu jiran aiki suka kwashe da dariya. Kawu ya yi murmushin yaƙe, ya koma mota.

Ba a jima ba, wata safiya, motar ta shigo garejin tana karkarwa. Injin yana bugawa yana tsallakewa, sitiyari yana rawa a hannun Kawu, farin hayaƙi kuma ya turnuƙe bayanta har ba a ganin mai shayin da ke bakin ƙofa. Mai Katako yana biye da su a ƙaramar motarsa, fuska a murtuke. Gareji cike yake da masu layi, duk suka miƙe suna kallo.

Ga waɗanda ba su san mota ba, farin hayaƙi iri biyu ne. Akwai na ɗanyen mai, wanda bai ƙone ba. Shi wannan yana da yaji, yana sa hawaye, yana daɗewa a iska. Akwai kuma na ruwa, wanda ke ɓacewa da wuri, yana barin laima da wani ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Na farkon ana neman laifin a tanki ko nozul, mai fesa wa inji mai. Na biyun kuwa yana nufin ruwan lagireto ya samu hanya ya shiga cikin injin, wuta kuma ta samu hanya ta shiga cikin ruwan.

Likita ya tsuguna a bayan motar, ya tara tafin hannunsa a bakin salansa. Da ya janye, hannun a jiƙe yake. Ya kai hanci ya shinshina.

Ya zagaya gaba ya buɗe bonet. Ya matsa tiyon lagireto, ya ji shi tauri kamar sanda. Ya sa aka kashe motar, ya aiki Kawu ya sayo masa gora ta ruwa, ya ja Mai Katako da hira har injin ya huce. Sannan ya buɗe murfin lagireto, ya ce a sake tayarwa, ya leƙa shi kaɗai. Ruwan yana ta fitar da kumfa. Ya mayar da murfin da sauri.

A nan ya gane komai. Ƙarfin da ya ɗora wa injin ya fi abin da aka gina shi ya ɗauka, gaskit ɗin kan injin, wato shimfiɗar da ke raba ruwa da wuta, ya ƙone. Aikinsa ne, da hannunsa. Ya ɗago ya dubi mutanen da ke layi, kowa da makullin motarsa a hannu, kowa yana jiran ya ji abin da Likita zai ce.

Wallahi da a nan ya ce na yi kuskure, da yau ba na ba ku wannan labarin. Amma sai ya karɓi gorar da Kawu ya kawo, ya zubar da ruwan, ya shiga ƙarƙashin motar ya tsiyayo mai daga gindin tanki. Duk tsohon tanki ba ya rasa ɗan ruwa da datti a ƙasansa, kuma Likita ya fi kowa sanin haka. Ga shi gorar ma ba ta bushe ba. Ya fito ya ɗaga ta sama inda kowa zai gani, ruwa a kwance a ƙasa, mai a sama.

Ya ce injin lafiyarsa ƙalau, aikinsa ba ya ƙarya. Abin da ke damun motar gurɓataccen mai ne. Wani yana zuƙe mai kyau yana sayarwa, yana cike gurbin da na bakin hanya wanda aka haɗa da ruwa da kananzir. Bai kama suna ba, ya dai juya ya dubi Kawu, sauran mutane ma suka juya.

Kawu ya fara rantsuwa. Ya ce a gidan mai yake sha kullum, a je a tambaya. Mai Katako bai bari ya ƙarasa ba. Ya fizge makullin daga hannunsa, ya wanka masa mari a gaban jama'a, hularsa ta faɗi cikin baƙin mai. Ya kira shi tsohon ɓarawo, ya ce furfurar banza ce a kansa. Wani daga cikin masu layi ya ce dama irin masu shiru-shirun nan su ake tsoro.

Kawu ya sunkuya ya ɗauki hularsa. Ya dubi mijin ƙanwarsa ya ce, "Likita, ka sake dubawa don Allah. Ka san ni."

"Inji na sani," in ji Likita. "Shi ba ya yi min ƙarya."

Haka dattijon ya fita daga garejin a ƙafa, da hula a hannu tana ɗigar mai.

Da mutane suka watse cin abinci, Likita ya rage shi kaɗai da motar. Ya wanke tanki don a ga an yi aiki. Ya juye wa lagireto garin nan da ake zubawa ya toshe yoyo na ɗan lokaci, ya ƙara ɗaure kusoshin kan injin. Hayaƙin ya ragu, karkarwar ta lafa. Saura abu ɗaya da zai iya tona shi, wato allurar zafi. Duk wanda ya tuƙa motar ya kama hawa zai ga ta tashi. Sai ya sa hannu a bayan injin ya zare wayarta, ya naɗe bakin da salatif, ya tura ta inda ido ba ya kaiwa. Allurar ta kwanta a ƙasa, ba ta ƙara motsi ba.

Niyyarsa ita ce ya nemo gaskit a ɓoye, in motar ta dawo juyen baƙin mai ya buɗe ta ya gyara, ya ce wani abu daban ya canja. Da Mai Katako ya zo ɗauka, Likita har nuna masa allurar ya yi, ya ce ya ga yadda injin ke aiki a sanyaye tun da aka ba shi mai na kirki.

Labarin Kawu kuwa ya riga shi isa gida. Direba in aka ce masa ɓarawon mai, ya gama tuƙi. Duk inda ya je neman mota sai a ce a dawo gobe. A tasha yara 'yan lodi suka sa masa Kawu Mai Tiyo, suna tambayarsa ko da sauran na sayarwa.

Matar Likita ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta ce yayanta ne ya riƙe ta bayan rasuwar ubansu, ko allura bai taɓa ɗauka ta wani ba. Ta roƙi mijinta ya je ya ce wa Mai Katako ko da a gidan mai aka cuce su. Likita ya ce shi ba ya lashe maganarsa, kuma in ta ƙara tayar da zancen ta tattara ta koma gidan ɓarawon.

Kawu da kansa ya zo gidan wata rana da azahar. Likita yana tsakar gida yana cin abinci, ya ji sallamar sarai. Ya bar shi tsaye a rana har ya gama, ya wanke hannu, ya sha ruwa, sannan ya leƙo. Kawu ya ce ba aikin yake nema a mayar masa ba, sunansa kawai yake so, saboda 'ya'yansa sun daina iya fita. Likita ya ce kowa da sunan da yake karewa, ya rufe ƙofa.

Ni dai na rasa irin wannan zuciya. Ya san gaskiya, ya ga dattijon yana hawaye a ƙofarsa, kuma ya koma ya yi barcin ranarsa.

To, Likita yana da ɗa namiji guda ɗaya, babban saurayi da ake kira Dogo. Ya iya tuƙi, yana da lasisi, amma ya daɗe yana zaman jiran aiki. A duniya Dogo bai yarda da kowa ba kamar ubansa. In Likita ya ce farar mota baƙa ce, Dogo zai ce dama shi ma haka ya gani.

Sai ga Mai Katako ya zo gareji da fara'arsa. Ya ce ya rasa abin da zai saka wa Likita da shi, tun da ya tona masa ɓarawon da ya daɗe yana ci da shi. Don haka ya yanke shawara, zai ba Dogo motar. Ɗan Likita a kan injin Likita, ai babu sauran damuwa.

Likita ya fara neman hanyar zamewa. Ya ce yaron bai ƙware ba. Mai Katako ya ce ya gwada shi da kansa, ya ƙware. Likita ya ce hanyar akwai wuya. Mai Katako ya ce tsoho ma ya bi ta. Sannan ya tsaya ya ƙare masa kallo.

"Ko dai motar ce ba ka yarda da ita ba?"

Akwai mutane a wurin suna sauraro. Likita ya yi dariya ya ce motar da ta fito daga hannunsa, ko ɗansa na cikinsa zai iya sawa a ciki. Mai Katako ya ce to an gama.

Dogo ya dawo gida da makulli yana murna kamar ya tashi sama. Uwarsa ta ce kada ya karɓa, abincin kawunsa ne. Ya ce Kawu shi ya zubar da abincinsa da hannunsa, tun da Baba ya faɗa ai haka ne. Ta dubi mijinta, ya kawar da kai.

Gaskit ɗin bai iso ba tukuna. Likita ya dinga lallashin kansa cewa garin da ya zuba zai riƙe tafiya ɗaya ko biyu. Da safen da Dogo zai fara fita, ya ciko jarka da ruwa ya sa masa a bayan kujera, ya ce ya riƙa leƙa lagireto yana ƙarawa. Dogo ya tambaye shi ko akwai matsala ne. Mai Katako yana tsaye a gefensu yana ba 'yan lodi umarni. Magana ɗaya kawai ake bukata daga bakin Likita, ya ce ɗana, allurar nan ba ta aiki, kada ka yarda da ita. Likita ya buɗe baki, ya dubi Mai Katako, ya ce babu komai, al'adar direban kirki ce kawai. Ya yi masa addu'ar Allah ya kiyaye hanya.

Zuwa lafiya aka je, motar ba kaya. A dawowa ne, da katako har sama da kan motar, suka kama dogon hawan nan da tsakar rana. Wajen rabin hawan injin ya fara tsallake, ƙarfi ya ragu, farin hayaƙi ya cika madubi. Dogo ya gangara gefe ya kashe ta.

Ɗan bakanike ne, ya san ba a buɗe lagireto da zafi. Tun yana ƙarami ubansa ya koya masa cewa a fara duba allura. Ya murɗa makulli, ya duba. Tana kwance a ƙasa, inda take tun safe. Ya ɗan jira kaɗan duk da haka, ya sake dubawa, ba ta motsa ba. Ya tuna Baba ya ce a riƙa ƙara ruwa. Ya ɗauko jarkar, ya buɗe bonet, ya sunkuya da fuskarsa a kan murfin, ya murɗa.

Ɗan lodin da ke tare da shi ya ce bai taɓa jin ihu irin wannan ba. Tafasasshen ruwa da tururi suka yi tsiri suka same shi a fuska gaba ɗaya. Ya faɗi a kan kwalta yana birgima yana kiran Baba. Wata motar haya ce ta tsaya ta kwashe shi.

Ko da Likita ya isa asibiti, an naɗe kan Dogo da bandeji, baki da ƙofar hanci kaɗai ake gani. Likitan asibitin ya ja shi gefe ya ce fatar za ta warke da tabo, amma idanun kada su sa rai. Likita ya jingina da bango.

A cikin ɗakin, uwar Dogo tana zaune a bakin gado. A ƙasa kusa da ita Kawu ne, wanda ya riga kowa zuwa, yana riƙe da ƙafar yaron yana tofa masa addu'a a hankali. Mai Katako da wasu 'yan kasuwa suna tsaye ta bakin ƙofa, suna cewa ashe man da tsohon nan ya dinga zubawa ya riga ya cinye injin ta ciki.

Dogo ya ji su. Ya kuma gane muryar da ke addu'a a ƙafarsa. Ya fizge ƙafar, ya ce a fitar masa da mutumin nan daga ɗakin. Kawu ya miƙe, ya bi ta gaban Likita ya fita. Bai ko dube shi ba.

Sai Dogo ya miƙa hannu yana lalube a iska.

"Baba, kana nan?"

Likita ya matso ya kama hannun.

"Baba, ka yafe min, na ɓata maka aiki. Amma wallahi na duba allurar yadda ka koya min. Sau biyu na duba."

Likita ya sunkuyar da kai. Matarsa ta ɗago ta zuba masa ido, ta daɗe tana kallonsa.

"Baba, duk wanda ya jawo min wannan, ban yafe masa ba," in ji Dogo. "Allah ya isa tsakanina da shi, duniya da lahira. Ka ce amin, Baba."

Mai Katako da mutanensa suka ce amin. Dogo ya matse hannun ubansa yana jira. Ga ƙofar gaskiya a buɗe a karo na ƙarshe, ga kuma mutanen kasuwa a tsaye.

Likita ya ce amin.

Motar dai an sayar da ita ga masu ɓaɓɓalla tsofaffin motoci, ba wanda ya taɓa leƙa bayan injin. Kawu ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Matar Likita tana nan a gidan saboda ɗanta, tana dafa abinci tana ajiye wa mijinta, amma ta daina haɗa ido da shi.

Sunan Likita kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Har yanzu garejinsa cike yake, har yanzu ana layi. Kullum da safe yana riƙo hannun Dogo ya kawo shi ya zaunar a kan benci a inuwa, saboda yaron ya ce yana son jin ƙarar inji. Duk baƙon da ya zauna kusa da shi, Dogo sai ya ba shi labarin yadda ubansa ya fi kowa sanin mota, da yadda wani azzalumi ya raba shi da idanunsa. In ya kai ƙarshe sai ya maimaita addu'ar nan tasa, ya juya fuskarsa wajen da yake jin ƙarar sifana, ya jira. Kuma kullum, daga ƙarƙashin mota, ubansa yana amsa masa da amin.

Darasi: In ka yi kuskure a aikinka, ka faɗa da bakinka tun gyaran yana da sauƙi. Kada ka wanke sunanka da mutuncin wanda bai ji ba bai gani ba, domin ƙaryar da ka rufe laifi da ita ba ta san ɗanka ba, ba ta san na wani ba. Ku tura wannan labari ga duk mai sana'ar da rayukan mutane ke bi ta hannunsa, ko Allah zai sa wani ya ce "laifina ne" kafin lokaci ya ƙure masa.